Tambaya a kan zuwan baƙi da al'adun Kanawa

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar magabata a kan abin da ya daɗe yana damuna. A bukukuwan aurenmu yanzu ana yin anko da ɗaurin ashoke irin na Yarabawa, ana yafa laffaya da turara ɗaki irin na mutanen Borno, waɗanda suka ƙaru a garin nan bayan rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009. Shin wannan cuɗanya ƙaruwa ce ga al'adar Kanawa, ko kuwa tana cinye ta sannu a hankali?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sunayen unguwanninmu sun isa shaida cewa da baƙi aka gina Kano, domin ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga kuma Dandalin Turawa inda Larabawan fatake suka zauna. Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, Alhassan Ɗantata kuwa daga zuriyar fataken da ake kira Agalawa ya fito, amma yau babu mai kiran zuriyarsu baƙi, kamar yadda babu mai kiran gurasa abincin Larabawa. Abin da ya narkar da su shi ne zaman maƙwabtaka, da sahun masallaci ɗaya, da auratayya. Bambancin ya soma ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, lokacin da Turawan mulki suka keɓe wa mutanen kudu Sabon Gari a bayan ganuwa, har aka wayi gari ana haɗuwa a ciniki amma ba a san gidajen juna ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma kada a raina abin da kasuwa take yi. A Kantin Kwari akwai Ibo da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta fi ta wasu 'ya'yanmu daɗi, kuma idan aka yi wa abokin ciniki rasuwa su ne farkon masu zuwa gaisuwa.

Mazaunin Rijiyar Zaki:
Yaya Ɗan Gwale, ni a ganina anko da laffaya ba su ne abin damuwa ba. Da yawa daga cikin masu shigowa yanzu 'yan uwanmu Hausawa ne daga ƙauyukan Katsina da Zamfara, waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu, kuma suna sauka a sababbin unguwannin da gidajensu ba su da zaure. A da, baƙo yana da mai masauki da zai kai shi gaban mai unguwa, ya tsaya masa wajen neman rumfa da neman aure. Yanzu dillalin haya kaɗai ya san da zuwansa, ana iya yin suna a gidansa maƙwabcin da suka haɗa katanga bai ji ba.