Hular kwano a wasan zamiyar ƙanƙara, dole ce?

Maman Ilham, Gwammaja: Jama'a, ƙanena da ke karatu a Italiya zai je wasan zamiya kan ƙanƙara, wai hular kwano ba dole ba ce. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Baban Sadik: Hajiya, bai faɗa miki daidai ba. Tun 2022 Italiya ta wajabta ta ga 'yan ƙasa da shekara 18, daga ƙarshen 2025 kuma kowa da kowa. Inshora ma dole ce.

Anti Bilki: A Faransa babu wannan dokar. Amma can Michael Schumacher, tsohon zakaran tseren mota, ya faɗi yana wasan zamiya a 2013, kansa ya bugi dutse, likitoci suka ce hular ce ta tsirar da ransa.

Baban Sadik: Hajiya, ki kuma faɗa masa, wanda ke gabansa a gangara shi ke da hanya, ya ba shi tazara.

Maman Ilham: Na gode, yanzu zan kira shi.