Neman kalma: idan ƙungiyar ma'aikata ta bar wani haƙƙinta don a fasa kora, me za mu kira shi?

Tafintan Jidda:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, ina neman agaji kafin gobe bayan Azahar, lokacin za a ɗauki muryata. Shiri ne na minti goma kan ma'aikatan jiragen sama a Amurka, kalma ɗaya kuma ta tsaya mini a wuya, wato concession. Kamfani ne zai ce aljihu ya bushe, zai sallami mutane, sai ƙungiyar ma'aikata ta yarda a rage albashi ko awannin aiki ko wani alawus don a rage yawan waɗanda za a sallama. Da labarin 2020 zan buɗe. Tallafin dala biliyan 25 da gwamnatin Amurka ta ba kamfanonin jirage lokacin korona ya zo da sharaɗin ba kora har ƙarshen Satumba. Wa'adi na cika, kamfanin jirgi na American ya ajiye kimanin mutum 19,000, na United kimanin 13,000. Amma matuƙan United sun yarda a rage musu awanni, sai mutum 2,850 da aka shirya ajiyewa suka ci gaba da aiki. Na rubuta "rangwame", da na karanta a bayyane sai na ji kamar kamfanin ne ya yi musu alheri.

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam, Yaya. Sassauci. "Ƙungiya ta yi sassauci." Ko sadaukarwa.

Hajiya ta Shara Mansur:
Ɗana, tanazul ne, kamar yadda Larabawa ke faɗa. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ta Saudiyya ya san shi. Mota ta buge mota, mai gaskiya ya yi tanazul. Kafili ya sake ka ka koma hannun wani, tanazul. Kana da haƙƙi a hannu ka sauka daga kansa, to ba shi ke nan ba?

Baba Malam, Riyad:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma a'a. Shekara talatin na yi ina koyar da Hausa kafin in zo ƙasar nan, ban taɓa jin tanazul a bakin ɗalibi ba. Mai sauraro a Funtuwa ko Maraɗi zai ɗauka sunan magani ne. Rangwame na ɗan kasuwa ne ga mai saye. Sassauci daga sama yake saukowa, alƙali ke sassauta wa mai laifi, ma'aikaci ba ya sassauta wa mai gidansa. Sadaukarwa ta yi nauyi, ta soja ce da uwa. Ni tawa ita ce "ragin ceto": an rage, don a ceto. Kalma biyu, Hausa zalla, yaro ma zai gane. Ɗana, rubuta ta ka huta.

Ɗan Mai Wurno:
Baba, da girmamawa, ragin ceto ta yanke hukunci tun kafin a saurari shari'a. Wa aka ceto? A kamfanonin nan komai layi ne, ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce lambarka. Da ita ake zaɓar hanyar da za ka tashi, da ranar hutunka, idan kuma sallama ta zo daga ƙasan layi ake farawa, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita. Waɗanda suka daɗe su ne masu rinjayen ƙuri'a a ƙungiya, kuma ba su wutar ta fi kusa da su ba. A 1983 ƙungiyoyin American suka yarda da albashi hawa biyu: na ciki su riƙe nasu, duk wanda za a ɗauka daga baya ya shigo kan albashi mai ƙasa ƙwarai, har na sababbin matuƙa ya zama kusan rabin na tsofaffi. Wannan ma concession ne. Waɗanda suka biya kuɗinsa ba su jefa ƙuri'a ba, don ba a ma ɗauke su ba tukuna. Ina ceto a nan?

Baba Malam, Riyad:
Kamfanin aka ceto.

Ɗan Mai Wurno:
To ai mai sauraro zai ɗauka ma'aikacin ne, Baba. Matsalar rangwame ce ta dawo ta wata ƙofa.

Hajiya ta Shara Mansur:
Ni fa ba labari aka ba ni ba. 'Yar ƙanwata tana hidimar fasinja a wani kamfanin jirgi can Amurka, shekararta uku kacal lokacin korona. Takarda ta same ta cewa ta zauna gida daga watan Oktoba. Uwarta ta kira ni tana kuka, wai me yarinyar ta yi aka dakatar da ita. Na kwana ina yi mata bayani ba laifi ba ne, layi ne ya zo kanta. Don Allah ɗana, in ka zo kan wannan kada ka ce "dakatarwa", a kunnenmu wanda ya yi laifi ake dakatarwa.

Tafintan Jidda:
Allah ya saka, Hajiya, da ma dakatarwa na rubuta a gurbin furlough. Na goge. Kora ma ba ta dace ba tunda sunan mutum yana nan a layi, in kasuwa ta farfaɗo a kira shi bisa lambarsa.

Ɗalibin Madina:
Hutun dole ba albashi.

Baba Malam, Riyad:
Wannan na yarda. Amma mu koma kan ragin ceto. Abin da ke damuna ya wuce shirin gobe. Kullum in abu sabo ya zo sai mu ruga gidan maƙwabta aro, jiya Turanci, yau Larabci, kamar harshenmu bai haihu ba. Wa ya ba mu "jirgin sama"? Kakanninmu suka ga abu yana tashi suka raɗa masa suna da abin da ke bakinsu, ga shi ya zauna daram. Yaran da aka haifa a Makka da Jidda Hausarsu rabi Larabci ce, in muka sa musu hannu a rediyo, nan da shekara ashirin me zai rage?

Hajiya ta Shara Mansur:
Malam, a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakata da ƙafa ta ratso Sudan ta zo hajji, kuma har yau da Hausa nake yi wa jikokina faɗa. Mu da muka riƙe harshen nan shekaru aru-aru ba makaranta ba littafi, ba mu za a ce muna kashe shi ba. Haƙƙi da kake faɗa, da sharaɗi, da sulhu, daga wane gida aka aro su?

Ɗan Mai Wurno:
Gaskiyar Hajiya. Mu ma a Sudan haka ake ce mana, wai Hausarmu ta gurɓace. Amma ƙungiyar ma'aikata da ake magana a kai, ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara sun kafa tasu tun shekarun 1940, iyayenmu sun san naƙaba, wato ƙungiyar ƙwadago, da yajin aiki a aikace. Wanda ya san abu shi ya fi cancanta ya faɗi sunansa.

Baba Malam, Riyad:
Ban raina kowa ba, Hajiya, in maganata ta yi zafi a yafe ni. Waɗancan kalmomi sun shekara ɗaruruwa a bakinmu har sun zama 'yan gida. Tanazul baƙuwa ce, ko Kano ba ta isa ba.

Tafintan Jidda:
Iyayena, dare yana yi. Akwai abin da ya sa tanazul ba za ta yi mini ba ko da kowa ya san ta. A ƙasar nan babu ƙungiyar ƙwadago mai zama da kamfani ta yi ciniki, don haka in na ce tanazul, mutumin Jidda zai hango mutum ɗaya ya yafe abin da yake nasa, ko ya hango canjin kafili. A can kuwa wasu ne ke jefa ƙuri'a a kan abincin wasu. Ko yarjejeniyar matuƙan United da ta hana sallama, ragin awannin ya fi nauyi a kan na ƙasan layi. Sun riƙe aikinsu, amma su suka fi jin jiki. Ina son kalmar da za ta bar wannan tambaya a buɗe.

Ɗalibin Madina:
Yaya, to me zai hana "sarayar da haƙƙi"? Muna jin ta a karatun fiƙihu da Hausa, magaji ya sarayar da rabonsa. Ba ta ce an ci riba ba, ba ta ce an yi asara ba. Kuma dole mai magana ya faɗi wa ya sarayar, haƙƙin wa.

Ɗan Mai Wurno:
Ta yi. Gwada ta da 2003: ƙungiyoyin American sun sarayar da haƙƙoƙi na kimanin dala biliyan 1.6 a shekara don kada kamfani ya durƙushe, sai ta bayyana an tanadar wa manyan shugabanni garaɓasa ta musamman, har shugaban kamfanin Donald Carty ya sauka a watan Afrilu. Masu hidimar fasinja na kamfanin jirgi na TWA kuwa, wanda American ta saya a 2001, an jera su a can ƙasan layi duk da shekarun da suka yi a tsohon kamfaninsu, kuma sallamar ta kwashe su. Wannan ya kawo ni kan wata: kada ka ce "ƙananan ma'aikata". A Najeriya masinja da direba ake nufi. Matar da ta yi shekara ashirin a TWA ba ƙarama ba ce, ba kuma sabuwar shiga ba ce.

Tafintan Jidda:
"Na ƙasan layi" ke nan, yadda muke ta faɗa tun ɗazu ba tare da mun lura ba.

Baba Malam, Riyad:
Sarayar da haƙƙi Hausa ce, ban musa ba. Amma ta yi tsawo, kuma ba suna ba ce, bayani ce. In ka zo faɗin "an sa hannu kan" me? Yarjejeniyar sarayar da haƙƙi? Numfashinka zai ƙare a tsakiya. Ka sa ragin ceto ko sau ɗaya ne, a wurin matuƙan United, inda dai an ceto ɗin.

Hajiya ta Shara Mansur:
Ni dai in na ba ƙanwata labarin shirin, tanazul zan ce mata.

Tafintan Jidda:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan karanta: "yarjejeniyar sarayar da haƙƙi" a karon farko tare da bayani, daga nan "yarjejeniyar" kawai. Hutun dole ba albashi, da na ƙasan layi, sun shiga. Baba, zan ce "ragin da ya ceto aikin mutum 2,850" a wurin United.

Baba Malam, Riyad:
Wannan ba ita ce kalmata ba, ɗana, ka raba ta biyu. Amma je ka ɗauki shirinka, in ya fito ka turo mini in saurara.