Neman shawara: idon maigidana ya yi ɗorawa bayan fara maganin kansar jini

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Maigidana yana da kansar jini, irin wadda likitoci ke kira CML, kullum yana shan maganinta mai suna imatinib, har jinin ya fara daidaita. To tun kafin aurenmu an taɓa ce masa yana da ciwon hanta nau'in B, amma wai ya kwanta. Yanzu idonsa ya yi ɗorawa, fitsari kamar ruwan shayi, abinci ma ba ya shiga. Surukata ta ce ciwon shawara ne, a ajiye ƙwayar maganin a ba shi jiƙo. Ganin likita kuma sai wata mai zuwa. Ya zan yi?

Nas daga Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki jira wata mai zuwa. Yau ɗin nan ku kai shi sashen gaggawa na asibitin Barau Dikko, ko asibitin Shika idan can yake ganin likitan jini. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ba ta barin hanta, laɓewa take yi, kuma magunguna irin su imatinib na iya tayar da ita. A 2016 hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi a kan imatinib da makamantansa dasatinib da nilotinib, ta ce a yi wa kowa gwajin ciwon hanta nau'in B kafin a fara. Ki faɗa wa likita tarihin hantar da bakinki, ko bai tambaya ba. Za a yi gwajin jini na lafiyar hanta (ALT da bilirubin), da na ƙwayar cutar (HBsAg da HBV DNA). In ita ce ta farka, akwai magani, tenofovir ko entecavir. Dakatar da imatinib ko ci gaba da shi, likita ne zai yanke, ba gida ba.

Wata uwa daga Rigasa: 'Yata, hantar da ta kumbura ba ta ɗaukar jiƙo, kada a ba shi ko kurɓi ɗaya. Ki lallaɓa Hajiya da ladabi, tsoron rasa ɗanta ne. Allah Ya ba shi lafiya.

Mai kemis daga Kawo: Farasitamol ma kada ya sha sai da izinin likita. In kika ga yana ruɗewa ko barci ya yi masa yawa, kada ku kwana a gida. Ke da yara ku yi gwajin cutar hanta nau'in B, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, allura uku cikin wata shida.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Ƙaninsa na hanya da mota, Hajiya ma ta ce za ta bi mu.