Gwarancin 'yata ya zama yaren gidanmu: mu gyara mata ko mu ƙyale ta?

Maman Auta, Jahun, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara 2 da wata 8, kuma bakinta ya buɗe sosai, domin tun daga asuba har ta yi barci ba ta gajiya da surutu, sai dai yawancin abin da take faɗa mu 'yan gida ne kawai muke gane shi. Ruwa a wurinta "yuwa" ne, kuɗi "tudi", kaza "taza", takalmi kuwa "tatammi". Idan kakanta ya ce mata ina kwana, sai ta durƙusa ta ce "yafiya yau", shi kuma ya amsa da cewa ya yafe mata, tunda kullum da neman yafiya take tashi. Wadda abin ya fi shafa ita ce ƙanwar mahaifinta, domin yarinyar ba ta iya cewa Goggo ba, "Doddo" take kiranta, kuma yanzu har manyan gidan sun ɗauka.

A nan ne saɓani ya shigo. Maigidana yana ganin mu ne muke ɓata mata baki, tunda ni da yayyenta mun koma cewa "yuwa" da "tudi" a tsakaninmu, mahaifiyarsa kuma ta ce a ƙyale yarinya, shi ma sai da ya shiga makarantar allo kafin ya iya faɗin sunansa daidai. Wata maƙwabciya ta ce wataƙila linzami ne a ƙarƙashin harshenta, mu kira wanzami ya yanke. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni raino: shin a riƙa gyara mata, ko a bar ta har ta gyara da kanta?

Malamar Nazare, Tudun Wada, Gombe

Wa alaikumus salam, Maman Auta. Na daɗe ina koyar da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, kuma abin da kika lissafa ban ga komai a cikinsa ba sai alamar lafiya. Ki lura da kyau, za ki ga kuskuren nata yana da ƙa'ida. Duk inda "k" ta zo tana mayar da ita "t", duk inda "g" ta zo tana mayar da ita "d", shi ya sa kaza ta zama "taza", Goggo ta zama "Doddo". Dalili shi ne "k" da "g" daga can bayan harshe ake furta su, inda yaro ba ya ganin yadda babba yake yi, "t" da "d" kuwa da kan harshe ake yin su a bayan haƙora, kuma su da "m" da "b" suna cikin sautukan da yara suke fara samu. Ita "r" tana cikin na ƙarshe, ga shi Hausa tana da iri biyu, wadda ake kaɗa harshe sau ɗaya da wadda ake karkaɗa shi, don haka ba abin mamaki ba ne a ji ɗan shekara 5 yana fama da ita. Haka ma "ts" da "ƙ" sukan ɗauki lokaci.

Ba na goyon bayan a tsayar da yarinya a ce sai ta maimaita kalma sau goma, domin na ga yaran da aka yi wa haka suka koma nuni da hannu don gudun a yi musu dariya. Abin da nake yi a aji shi ne in mayar wa yaro maganarsa daidai ba tare da na ce ya yi kuskure ba. Idan ta ce "ba ni yuwa", sai ki ce "ruwa kike so? Ga ruwa mai sanyi", ki miƙa mata. Ta ji kalmar sau biyu, ta kuma sha ruwanta. Ki gwada wani abu kuma: ki nuna mata kaza ki tambaye ta ko wannan "taza" ce. Yara da yawa sukan ƙi yarda, domin kunnensu ya riga ya san daidai, bakin ne bai kai ba tukuna.

Akwai kuskuren da ni a wurina abin alfahari ne. Wata ƙaramar Sallah na kai ɗana kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Gombe, yana da shekara 3 da rabi, sai ya ɗaga murya ya ce, "Umma, ga dokokin sarki suna gudu!" Mutanen da ke kusa da mu suka yi ta dariya, wani dattijo ya ce ai dokokin sarki ba a san su da gudu ba. Dawaki yake nufi. Ya ji ana cewa mota da motoci, taga da tagogi, sai ya auna doki a kan wannan ma'auni, kuma babu wanda ya taɓa koya masa hakan. Daga baya ma na ji shi yana cewa "saniyoyi" maimakon shanu.

Bappan Yara, Kumo

Malama ta yi bayanin masana, ni kuwa zan yi na tsofaffi. A gidanmu Fulfulde ake yi da kakanni, Hausa kuma a waje da makaranta, saboda haka jikokina sukan haɗa biyun a jimla ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe tana cewa "ba ni ndiyam" idan tana jin ƙishirwa, in kuma nono take so ta ce "kosam zan sha". Uwarta ta damu ƙwarai, tana ganin harsunan ne suka rikita ta, amma kafin ta cika shekara 4 ta san wanda za ta yi wa Hausa da wanda za ta yi wa Fulfulde, har takan yi wa kakarta tafinta idan baƙi sun zo.

Game da juya kalma kuwa, kada mu manya mu cika ɗaga kai. Ƙanen jikar tawa yana kiran almakashi "alkamashi", kuma duk lokacin da aka yi masa dariya nakan tuna musu cewa a cikin manya akwai mai cewa bagaruwa akwai mai cewa gabaruwa, akwai hawainiya da wahainiya, akwai bincike da binkice. Ku kanku mutanen Bauchi kuna cewa "rigan Sallah" inda Bakano zai ce "rigar Sallah", kuma yaro abin da ya ji a gida shi zai ɗauka. Sunan "Doddo" kuma, 'yata, ki gaya wa goggon ta haƙura, domin irin wannan suna ba ya fita. Yayata ta rasu tana da jikoki fiye da 20, kuma har a wurin zaman makokinta da sunan da ɗan farinta ya laƙaba mata yana koyon magana ake ambatonta.

Ma'aikaciyar Jinya, Azare

Ni batun wanzami ne ya sa na tsoma baki. Hajiya, don Allah kada a kai reza bakin yarinyar nan. Linzami na gaskiya yakan nuna kansa tun a jarirai, ta wajen wahalar kama nono, kuma yarinyar da take furta "t" da "d" ba tare da wahala ba tana ɗaga kan harshenta ke nan. Yanka a gida yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ba kuma zai koya mata "r" ba.

Abin da muke dubawa shi ne ko magana tana ƙaruwa. Yawancin yara sukan faɗi kalmar farko wajen shekara 1, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2, a shekara 3 baƙo ya gane mafi yawan maganarsu, a shekara 4 kuma ya gane kusan duka. Inda ya kamata a je asibiti shi ne idan yaro ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi ta baya, ko ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya iya. A irin wannan hali kunne ake fara dubawa, musamman ga yaron da kunnensa yake yawan zubar da ruwa ko wanda ya yi ƙyanda ko sanƙarau, kuma akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Bauchi da Gombe.

Abban Biyu, Fadaman Mada, Bauchi

Ni dai ina tare da maigidanki a abu ɗaya. Ɗana ya shiga aji 2 na firamare da tsamin baki, 'yan ajinsu suka laƙaba masa "Yuwa", har ya fara ƙin amsa tambaya a gaban malami. Ba zan rantse cewa kwaikwayon da muke yi masa a gida ne ya jawo ba, amma na tabbata bai taimake shi ba. Da wasan karya harshe muka shawo kansa, kullum bayan sallar isha'i ni da shi muna "turmi ture kura, kura ture turmi" har ya daidaita. Ku yi dariyarku a tsakaninku, amma idan da ita kuke magana ku ce ruwa.

Maman Auta, Jahun, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, kuma an fasa kiran wanzami. Malama, na yi gwajin da kika ce jiya da yamma a tsakar gida. Na nuna mata kazar maƙwabta na ce, "Wannan taza ce?" Sai ta ɓata fuska ta ce, "A'a, Mama, ba taza ba, taza!" Na ce, "Kaza?" Ta ce, "E, taza." Mahaifinta yana zaune a kan tabarma yana jinmu, bai ce komai ba, amma da zai fita masallaci na ji yana tambayar yayyenta ko Doddo ta dawo daga kasuwar Wunti.