Musayar Waƙa: Shagon Caca a Bakin Titinmu

Goggon East Ham (gabashin Landan):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An liƙa takardar neman lasisi a jikin wani shago da ya daɗe a rufe a babban titin unguwarmu, wai wani gidan caca za a ƙara buɗewa. Kwana biyun nan bin gida-gida muke yi muna karɓar sa hannu. Ga abin da ya zo bakina, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da arziki ba gazawa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Sannan in juyo ga 'yan'uwa,
Mu tattauna batun shagon caca.

Titin da muke zuwa cefane,
Mu sai kifi, doya da zane,
Banki ya tashi, kowa ya gane,
Wurin da ya bari fanko ne,
Sai ga takardar masu caca.

Ka fito daga tashar jirgin ƙasa,
Ga ɗaya nan, ga wani can kusa,
Na uku bai ma yi wani nisa,
Hoton doki da ƙwallo a bisa,
Kowace kusurwa akwai na caca.

Ka je unguwar masu hannu da shuni,
Ka yi ta yawo har tsawon yini,
Da ƙyar ka ga ɗaya, ku ji ni,
Sai nan wurin mai aikin gini,
Da mai shara, nan ake kafa caca.

Na ga dattijo da sandarsa,
Ran da fansho ya shiga hannunsa,
Ya zauna gaban inji da hularsa,
Har magariba bai ga gidansa,
Ya fito ba ko na bas, don caca.

Mun bi gida-gida da takarda,
Musulmi da Kirista duk sun yarda,
Maƙwabciyata Ba'indiya ta shaida,
Ta ce ita ma ba ta ga fa'ida,
A buɗe wa jikokinta gidan caca.

Malam na Ƙofar Mata (Kano):

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya ba ku nasara.

Sannu da ƙoƙari, ya Hajiya,
Muryarki ta iso mu Nijeriya,
Ciwon da kike faɗi a Birtaniya,
Mu ma ya taɓa mu har zuciya.

Ku buɗe Ma'ida ku duba aya,
Ta 90 ta haɗa caca da giya,
Ta 91 ta faɗi inda suke kaiwa ɗaya:
Ƙiyayya, da jefa salla a baya.

Da can ɗan caca yana jin kunya,
Karta a lungu, yana waiwaya,
Yanzu an yi mata fenti da kwalliya,
Da talbijin da fanka a bakin hanya.

Iyaye da masu unguwa suka ɗaga murya,
Suka kai wa Hisbah koke bai ɗaya,
Oktoban 2024 ta fito ta bi hanya,
Shago 30 ta rufe a rana ɗaya.

Sai ga Nuwamba, Kotun Ƙolin Nijeriya,
Ta rushe dokar 2005 ta tarayya,
Ta ce batun caca, in ana son gaskiya,
Na kowace jiha ne, ta tsara shi ita ɗaya.

To ku a can, ga tawa tambaya,
Ina kansilolinku, ina masu kariya?
In unguwa ta ce a'a baki ɗaya,
Wa ke da ikon buɗewa ta baya?

Lauyar Gobe (Manchester):

Baba Malam barka da war haka. Goggo ki ba ni izini in amsa masa, don abin da nake karantawa ke nan. Na ɗauki amsa-amonki.

Baba Malam, tambayarka ta yi kyau,
Amsarta na cikin dokar da ke ci yau,
Ta Birtaniya ta 2005, ta ɗaure kansila tamau,
Ba da izini shi ne matakin da zai ɗau,
In an zo masa neman lasisin caca.

In kun ce shagunan sun yi yawa,
Doka ta ce wannan ba abin dubawa,
In kun ce addini ya yi hanawa,
Nan ma ba su da hurumin saurarawa,
Sai laifi, ko cutar da yaro da caca.

A 2013 Newham, ƙaramar hukumar su Goggo, ta gwada,
Ta ce wa Paddy Power ba ta yarda,
Kamfanin ya kai ta kotu da takarda,
Alƙali ya ce ba isasshiyar shaida,
Ya ba shi lasisin shagon caca.

Injin nan da Goggo ta ambata,
A da, fam 100 a daƙiƙa 20 yake iya ɓata,
Huɗu kacal a shago doka ta iyakanta,
Sai suka ninka shaguna don su ƙetare ta,
Nan ne asalin cunkoson gidajen caca.

Newham ba ta naɗe hannu ta zauna ba,
Ta tara ƙananan hukumomi suka sa gaba,
Fiye da 90, ba su ja da baya ba,
A 2014 suka roƙa, ba a ji su ba,
Cewa a rage kuɗin zubi a injin caca.

Da gwamnati ta yarda, sai jan ƙafa,
Minista Tracey Crouch ta ce a'a fa,
2018 ta ajiye muƙami ta bi ƙofa,
Afrilun 2019 sabon ƙa'idi aka kafa,
Fam 2 kacal ake zuba wa injin cacar.

Shaguna ɗaruruwa nan suka rufe,
Amma wasu iri sun biyo su a tafe,
Gidajen inji zalla, dare har safe,
Shi ya sa ƙaramar hukumar Brent ta Landan da 'yan'uwanta suka kafe,
A 2025, sai an sauya dokar lasisin caca.

Goggo, abu uku kawai dokar ta sani: hana laifi da tashin hankali, a yi cacar ba maguɗi, da kare yara da masu rauni. In kun cika koken da "haramun ne" za a karɓa a ajiye gefe. Ku rubuta abin da ke kewaye da ginin, da abin da kuka gani da idonku, da rana da lokaci.

Kawu Direba (Birmingham):

Yaya Hajiya, a yi min uzuri,
Ban taɓa zuba sisi ba tun fari,
Amma ina tuƙa tasi a cikin gari,
Ina ganin shaguna a rufe jeri-jeri.

Mai ginin yana da bashi a wuyansa,
Ba mai burodin da ya zo neman hayarsa,
Mai caca ya zo da kuɗi a hannunsa,
Wa zai ce masa ya kore shi daga ƙofarsa?

Akwai yarinyar da ke kanta a ciki,
Da albashin take biyan kuɗin ɗaki,
In mun hana, sai mu buɗe baki,
Mu faɗa mata inda za ta sami aiki.

Ban ƙi sa hannu ba, ku fahimce ni,
Amma a'a kaɗai ba ta cika gini,
Me za a sa a wurin, ku gaya mini,
Kar ya koma kango mai muni.

Ɗan Balas (Kurna, Kano):

Baba Malam, da girmanka. Ni ɗan adaidaita sahu ne, kuma ina cikin waɗanda kuke magana a kansu. Ban iya waƙa ba sosai, amma ga tawa.

Baba Malam, na ga kwaɗon da idona,
An rufe shagon da ke bakin layina,
Amma caca ta riga ta shige aljihuna,
Tana cikin waya, tana kwana a gefena.

Naira 200 na fara sakawa,
Wasa goma na jera ina ta zaɓawa,
Tara suka ci, ɗaya ya yi ɓatawa,
Wannan "saura kaɗan" shi ke kashewa.

Ran nan na taɓa kuɗin balas,
Na ce zan mayar kafin ƙarfe takwas,
Ƙwallo ta bugi turke, gabana ya faɗi ras,
Mai mashin ya karɓe makulli, aiki ya ƙare tas.

To iyayena, ku ba ni amsa,
Kun rufe na titi, kun yi nasara a kansa,
Na cikin wayar wa zai kai hannu gare sa?
Ba shi da ƙofa, balle a sa kwaɗo a kansa.

Uwar Biyu (Hotoro, Kano):

Ɗana Ɗan Balas, Allah ya yaye maka,
Tambaya ɗaya nake so in yi maka,
Ranar farko da ka zuba kuɗinka,
A waya ne, ko wani ya ja hannunka?

Nawa ɗan bai mallaki waya ba,
Shekara 14, bai gama sakandare ba,
Canjin cefane ban ƙara gani ba,
Sai wasu takardu da ban iya karanta su ba.

Ina wanki na zaro su daga aljihu,
Yayarsa ta karanta, na kusa yin ihu,
Shagon na jikin gidan kallo, a lungu mai duhu,
Inda 'yan makaranta ke wucewa sahu-sahu.

Kawu Direba, ka yi batun haya,
Daga ina kuɗin suke, ka tambaya?
Daga tukunyar da aka ɗora ba miya,
Da adashin matar da aka yi wa ƙarya.

Yarinyar kanta ina tausayinta,
Allah ya ba ta wani aikin ya wadata ta,
Amma albashin da ake miƙa mata,
Kuɗin littafin wani yaro ne a hannunta.

Ɗan Balas:

Umma, ga amsarki, gaskiya tsantsa,
A shago ne, wani aboki ya matsa,
Ya nuna min allo, ya nuna min inda zan latsa,
Daga baya ne na koma waya na nutsa.

Da ban ga ƙofar a buɗe kullum ba,
Ina wucewa da fasinja safe da magariba,
Da wanda ya ci yana rawa a can gaba,
Wallahi Umma, da ban san hanyarta ba.

Goggon East Ham:

Uwar Biyu, Allah ya shirya mana su. Ɗan Balas, wannan amsar taka ita nake ta neman yadda zan faɗa wa masu ce mana "ai komai ya koma waya, me ya rage a shago".

Ƙanena Direba, ban ƙi ta taka ba,
Ba mu ce a bar ginin ya ruɓe ba,
Mai gini bai zama abokin gabarmu ba,
Za mu same shi mu zauna, ba da faɗa ba,
Mu nemo masa ɗan haya ban da mai caca.

Akwai matan da ke neman wurin ɗinki,
Akwai mai son ya kafa injinan wanki,
A nan ma yarinya za ta sami aiki,
Kuɗinsu bai kai na kamfani ba a banki,
Shi ya sa kullum ake ba wa mai caca.

Lauyar Gobe, 'yata, na ji bayani,
Zan cire wa'azin, ko da ya dame ni,
In sa firamaren da ke daura da gini,
Da masaukin marasa gida, ƙofa biyu tsakani,
Su ne hujjar da za mu kai kan caca.

Amma zan faɗa, ko za su ƙi jin mu,
Dokar da ta raina a'a daga bakinmu,
Mu da ke share ƙofa, muke renon 'ya'yanmu,
Mu ke biyan haraji a kan titinmu,
Ita ta fara cutar mu kafin caca.

Kawu Direba:

Yaya, turo min takardar in sa hannu. In kun tashi zuwa wurin mai ginin, ku tafi da masu ɗinkin da mai injin wankin, ya gan su ido da ido.

Malam na Ƙofar Mata:

Ɗan Balas, ɗana, ka faɗi gaskiya,
Kwaɗon Hisbah ba ya kama waya,
Wasu ma da sunan gidan gem suka karɓi haya,
Mai gida bai leƙa ba, ya juya baya.

Shi ya sa ban ce aiki ya ƙare ba,
Ranar da aka rufe ban yi biki ba,
In masu ba da haya ba su tsaya ba,
Gobe a sake buɗewa, ba da wannan sunan ba.

Ran Juma'a, da zarar an sauko,
Mai unguwarmu ya kira su tun farkon mako,
Ni in na tashi, wa'azi za su ce na ɗauko,
Kai ka zo ka faɗa musu, shi ne taimako.

Ɗan Balas:

Zan zo, Baba, in Allah ya kai mu,
Amma kar a tara jama'a a kunyata mu,
In da mai mashin a cikin dattawanmu,
A roƙa mana shi ya sake gwada mu.

Kuɗin balas kullum kafin magariba,
Hannun mai unguwa zan kai, ba nawa ba,
Manhajar kuwa ban goge ta ba tukuna, Baba,
Mu goge ta tare ran Juma'ar, in ba ka ƙi ba.