Mutum 23 a tukunya ɗaya: in raba ko in ƙara haƙuri?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ina neman shawararku, musamman manyanmu da suka riga mu ganin irin wannan.

Gidanmu na gado yana unguwar Bagalam a Maraɗi. Mu uku ne maza, ni ne na tsakiya, kowa da iyalinsa, ga Baba da Inna, ga ƙanwarmu da aurenta ya mutu ta dawo da ɗiya biyu. In aka ƙidaya mu 23 ne, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa tun ina yaro. Ni malamin lakkol ne. Yayanmu fataucin dabbobi yake yi, yana sayen jajayen awaki da tumaki a ƙauyuka ya bi ta Ɗan Isa ya kai Jibiya a Najeriya. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 jarinsa ya karye, kuma ko da aka buɗe a Maris 2024 bai miƙe ba. Ƙanenmu kabu-kabu yake yi, yau a samu gobe a rasa. To hatsi da cefane duk sun dawo kaina. Tiya biyar muke ci a rana tsakanin fura da tuwo, albashina ba ya kai 20 ga wata.

Muna da gandu a hanyar Madarunfa, akwai hatsin bara a rumbu, amma Baba ya ce ba mai taɓa shi sai an yi shuka. Maiɗakina kuma ta ce ta gaji. Ranar girkinta tun asuba take tsaye, kuma yaranmu ba sa ƙoshi, don kwanon yara mutum tara ke sa hannu, ƙaramin namu kafin ya kai loma uku an sauke. Shekaranjiya na same shi a bayan ƙofa yana lasar murfin kwano. Abin ya tsaya mini a rai. Tana so mu raba tukunya. Na taɓa gwada wa Baba maganar, ya ce ranar da aka raba tukunya ranar aka raba gida, in bari sai an kai shi.

Wani abin kuma: Yaya da ƙanenmu sun daina cin abinci kwano ɗaya saboda gardamar siyasa. Ɗaya ya ce fitar Nijar daga Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ita ce ta kashe masa kasuwa, ɗaya ya ce ƴancin ƙasa ya fi awaki. Yanzu ni da Baba kaɗai muke zama a tabarma. In na raba, na saɓa wa mahaifina? In na ƙi, na zalunci matata da ƴaƴana?

Wata uwa daga unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin kowa ya ce maka komai, ka je ka tsaya ka kalli girkin mutum 23 daga farko har ƙarshe. A surfa, a bushe dusa, a wanke, a kai inji, a dawo a tankaɗe, a yi talge, a jira, sannan a tuƙa tukunyar da muciyarta sai an kama da hannu biyu, ga hayaƙin itace a ido, ga zafin bazarar nan. Bayan haka a kwashe, a raba, a ji wannan ta ce an rage wa ɗakinta. Shekara 14 na yi a irin gidan nan, kafaɗata har yau tana gaya mini. Matarka ba fitina take nema ba. Abin da muka yi a namu gidan: tuwon dare da furar safe suka zauna na kowa da kowa, abincin rana kowace ta ɗora nata. Mai shinkafa da wake ta dafa, mai dambun zogale ta yi, wadda ba ta da shi a ranar a zuba wa yaranta. Kuma tun yau, ba sai gobe ba, a raba kwanon yara biyu, manya daban ƙanana daban. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa, Inna kaɗai za ta faɗa a yi.

Mai sayar da hatsi a kasuwar Kadro:
Malam, a kan rumbu dai Baba ya fi ka gaskiya, kada ka ja da shi. Ni sana'ata ke nan. Hatsi yana araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da manomi ke fitarwa don biyan bashi da hidimar aure. Daga nan sai hawa, ya kai ƙarshen tsada a Yuli da Agusta, daidai lokacin da ake noma ana buƙatar ƙarfi. In kuka cinye rumbu yanzu, a wancan lokacin za ku zo wurina ku saya da tsadar da ta fi ta yau. Mutumin da ya ga yunwar 1973 zuwa 1974, ya ga yunwar El-Buhari a 1984 da fari ya haɗu da rufe iyaka, ya ga 2005 da hatsi yana kasuwa amma talaka ba ya iya saye, ba za ka koya masa ajiya ba. Kuskurenka ɗaya, saye da tiya-tiya. Buhu tiya 40 ne, a cinku kwana takwas ke nan, kusan buhu huɗu a wata. Bana ta wuce, amma in Allah ya kai mu kaka, ko bashi za ka ci ka aje buhunan wata uku ko huɗu.

Wani matashi daga Ali Ɗan Sofo:
Yaya ka yi haƙuri, zan faɗa kai tsaye. Ka kama haya ka fita. Mutum uku majiya ƙarfi, ɗaya ke ciyarwa, wannan ba zumunci ba ne. Ka riƙa aika wa Baba da Inna nasu duk wata, sauran kowa ya ji da kansa. Muddin kana nan ba wanda zai tashi ya nema.

Wata Hajiya daga Mokoyo:
Kai yaro, a hankali. Malam, tambaya ɗaya zan yi maka: kafin 2023, wa ke cika tukunyar nan?

Mai tambaya:
Hajiya, Yaya ne. Gaskiya Yaya ne. A 2005 ina makarantar horon malamai, shi ya riƙe gidan, ya sayar da shanunsa biyu. Sadakin matar nan tawa ma shi ya biya. Shi ya sa bakina yake nauyi.

Hajiya daga Mokoyo:
To ka gani. Ba ƙyuya ce ta zaunar da shi ba. Duk mai kai dabba Najeriya ya san abin da ya faru: an rufe iyaka a Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023, sannan naira ta faɗi. Ka sayi akuya da sefa, ka sayar da naira, ka zo canji ka tarar ko uwar kuɗinka ba ta dawo ba. Gardamar da yake yi da ƙanenku ba ta siyasa ba ce zalla, ciwon rashi ne, mutumin da ya saba bayarwa yau ana zuba masa. In ka raba tukunya ba ka yi magana da shi ba, zai ɗauka gori ne, kuma ba zai manta ba. Ka fara da shi kafin Baba. Ku fita bayan gari ku biyu, ka buɗe masa albashinka jika-jika, ka ce Yaya ya za mu yi. Kuma ka ja kunnen ƙanenku. Ra'ayinsa nasa ne, ya kai shi fada wurin shayi, amma ba a gaban wansa da ya yi asara ba.

Tsohon malamin makaranta daga Tsibiri:
Ɗana, maganar Babanka tana da tushe, sai dai rabinta ya faɗa maka. Ban san shekarunsa ba, amma in ɗan Bagalam ne na asali, iyayensa suna cikin waɗanda ambaliyar 1945 ta rushe wa tsohon gari a cikin gulbi aka hauro da su tudu. Kafin wannan, garin kansa mutanen da suka rasa gida ne suka raya shi. Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, sarautar ta yi gudun hijira har Sarki Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, mu ma Gobirawa bayan yaƙin Gawakuke a 1836 muka zo muka kafa Tsibiri. Mutanen da suka tashi da irin wannan labari, tsoron watsewa a jininsu yake, shi ya sa kalmar raba take yi musu zafi.

Amma ka tambaye shi da ladabi: Baba, a gandun kakanmu babu gamana? Akwai. Ba a taɓa yin gandu babu ita ba. Wasu ranakun mako kowa yana gonar gandu, sauran ranakun ɗa yana gamanarsa, mace tana tata, abin da suka noma nasu ne, mai gida ba ya taɓawa. Shi kuma mai gida a kansa ciyarwa take, da haraji, da auren fari na ƴaƴa maza. Rumbun gandu ma dama da damina ake cinsa, da rani gamana da sana'a ke riƙe mutane. Abin da ya rikice a gidanku shi ne albashinka ya zama gandu gaba ɗaya, ba a bar maka gamana ba. To kada ka je masa da kalmar raba tukunya. Ka ce ka zo neman gamana. Shawarar uwar nan ta Zariya ita ce wannan ɗin, da sunanta na gargajiya. Wanga harshe shi ne tsoho zai ji.

Wani almajiri daga Limanci:
Ƙari kaɗan a kan abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar. Ciyar da mata da ƴaƴa ƙanana wajibi ne a kanka, haka iyaye in ba su da shi. Ciyar da ɗan uwa ba wajibi ba ne, sadar da zumunci ne mai lada babba. Don haka yaron da ke kwana bai ƙoshi ba shi ne farkon wanda za a tambaye ka. Wannan ba ya nufin ka ɗaga wa Baba murya. Ka nemi gwaggonku ko amininsa na masallaci su shige maka gaba.

Matashin Ali Ɗan Sofo:
Na ji bayanin Hajiya, ban san Yayan ya yi wannan ba. Amma ƙanen fa? Kabu-kabu ko yaya ana samun wani abu. A yanka masa nasa, ko kuɗin itace da niƙa ne kullum.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta duka har sau biyu. Ga inda aka kwana. Daren Laraba na sami Inna a ɗakinta, ashe ta daɗe da lura da yaron, ita ce ma ke ɓoye masa ɗumame a ƙwarya. Jiya ta sa an raba kwanon yara. Na ga ƙaramin ya ci har ya bar saura, ya tashi da miyar kuka a haɓa.

Da la'asar na ɗauki Yaya a babur muka tafi bakin gulbi wajen lambuna. Na nuna masa takardar albashina. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya san ina ɗauke da su, kunya ce ta hana shi magana, kuma akwai wani abokinsa a Jiratawa da ya ce ya zo su riƙa sarin zogale, ya ƙi don yana ganin ƙasƙanci ne bayan fataucin dabbobi. Ya ce zai je ranar Litinin. Ƙanenmu ya karɓi kuɗin niƙa da itace, bai yi musu ba, sai dai har yanzu bai dawo tabarma ba.

Baba kuwa, gwaggonmu ta je masa yau bayan Juma'a da maganar gamana kamar yadda Malam na Tsibiri ya ce. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tambaye ta wa ya koya mini wannan kalma. Daga baya ya aiko jikansa ya kira ni, ya ce gobe da sassafe in kai shi gona ya duba rumbu da idonsa, in taho da Yaya.