Musayar waƙa bayan kakar besbol ta 2025: Skenes zai zauna a Pittsburgh ko shi ma tafiya zai yi?

Baban Yara, Pittsburgh:

Assalamu alaikum jama'a. To kakar besbol ta 2025 ta ƙare, Pirates ɗinmu sun ci wasa 71 an doke su 91, amma yaronmu Paul Skenes ya ɗau Cy Young, kyautar gwanin majefa, kuma kaf masu ƙuri'a shi suka sa a farko. Tsoron kar ya bar mu yana cina wallahi shi ya sa na ce bari in sa shi a waƙa, mai amsa ya amsa da baiti yadda muka saba.

Ku taho ku ji ni 'yan'uwa,
Yau ina murna da damuwa,
Allah ya ba mu mai baiwa,
Ni ko ina tsoron rabuwa.

A diraf na 2023, zaɓen sabbin 'yan wasa, aka kira shi,
Lamba ɗaya, ba wanda ya riga shi,
Daga jami'ar LSU muka ɗauko shi,
Ya ci musu kofi kafin tahowa.

Dala miliyan 9.2 aka damƙa masa a hannu,
Bai shekara a ƙananan lig ba ya zo gabanmu,
Mayun 2024 ya hau tudun filinmu,
Jifa mil 100 a awa, sanda ba ta taɓawa.

Bana ERA ɗinsa, ma'aunin makin da ake ci masa, a 1.97 ya tsaya,
Inin tara, tsawon wasa guda, maki biyu ma da ƙyar ake iya,
Ya ci 10 ya faɗi 10, dalili guda ɗaya,
Masu bugunmu ne ba sa taimakawa.

Na ga abin da ya sami majefinmu Gerrit Cole,
Lamba ɗaya a 2011, so ya kama mu dole,
Janairun 2018 aka ce a ƙyale,
Houston ta ɗauka ba mu da ta cewa.

Ɗana ya ce Baba saya min riga,
Mai lamba 30 da yake ta hanga,
Na tsaya ƙofar shago na kasa shiga,
Kar in koya masa son mai wucewa.

Ɗan Zango, Bronx:

Wa alaikumus salam Yaya. Na san da mu 'yan Yankees kake tunda Cole wajenmu ya ƙare, to ga tawa, ka ji ta da kunnen basira.

Yaya Baban Yara ka yi haƙuri,
Kukan nan naka ya zo da wuri.

Doka ta ba ku shekara shida da shi a gari,
Kafin ya zaɓi inda zai je neman alheri.

Cole ya zo mana kan miliyan 324 a tsari,
Ba sace shi muka yi ba, ciniki ne a sarari.

Kana ganin saye kawai muka iya da sauri,
To Aaron Judge fa, wa ya raine shi tun fari?

Diraf na 2013 ba ya cikin 'yan gaban jeri,
Lamba 32 ya faɗo mana, dogo mai ƙwari.

Homran, bugun da ke haye katanga, 62 a 2022, Bronx ta ɗau kirari,
Da kwantiragi ya ƙare muka riƙe shi ba garari.

Miliyan 360 da kyaftin, wannan shi ne sirri,
Ka tambayi mai kulob ɗinku ina ya kai jari.

Milwaukee ma ai ba wani babba ba ne a gari,
Bana wasa 97 ta ci, ita ce ta fari.

Kuma Yaya ka shiga shagon nan ka saya wa yaro rigarsa don Allah, yaro bai san kwantiragi ba, jifa ya gani ya burge shi, mu ma nan mun ga Soto ya yi mana shekara ɗaya ya haye Mets kan miliyan 765 kuma yara ba su daina cika jirgin ƙasa lamba 4 zuwa fili ba.

Anti Kulu, Baltimo:

Ku ƙannena ku tsaya in faɗi tawa, don mu 'yan Orioles mun sha wannan ruwan har ya kai mana wuya, an ce mu jure faɗuwa shekara da shekaru wai idan muka zo na ƙarshe za mu samu zaɓin farko, mun jure kuma mun samu ɗin, amma ku ji inda aka kwana.

A 2018 sau 115 aka kayar da mu,
Filin Camden Yards fayau, sai mu da 'ya'yanmu,
Aka ce diraf zai share hawayenmu.

Rutschman mai cafka, lamba ɗaya a 2019 ya zo gidanmu,
Henderson lamba 42 a shekarar ya faɗo hannunmu,
Holliday a 2022, zaɓin farko ya sake zama namu.

2023 wasa 101 muka ci, gari ya cika da ihunmu,
Oktoba Texas ta zo, wasa uku ta sallame mu,
Kansas City a 2024, wasa biyu, maki ɗaya tal muka samu.

Masu bugu sun cika gida, majefa ne ƙarancinmu,
Majefi Burnes shekara ɗaya ya yi, Arizona ta raba mu,
Bana sai ga mu na ƙarshe a rukuninmu.

Baban Yara abin da kake nema yana wajenmu,
Wanda kake riƙe da shi, shi ne ciwonmu,
Diraf kaɗai ba ya kawo kofi, ka ji daga bakinmu.

Tun 1983 kofin World Series bai kwana garinmu,
A 1979 ku ne kuka ƙwace shi a filinmu,
Muna gaba 3 da 1 kuka dawo kuka cinye mu.

Baban Yara, Pittsburgh:

Anti ai wannan na 1979 shi ne na ƙarshe da muka gani, su Willie Stargell, dattawan unguwarmu har yau shi suke ba da labari a shagon aski.

Anti na ji, kin faɗi gaskiya,
Daga 1993 zuwa 2012 muka sha wuya,
Kaka 20 a jere faɗuwa ta fi nasara yawa, ba ko ɗaya
Da muka ƙare muna masu rinjayewa.

Kawu na Washington:

Salamu alaikum 'ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Na karanta duka. Kowa yana maganar ko yaron zai tafi ko zai zauna, ni kuma abin da ke raina daban ne, hannun majefi nake tunani, don mu a Nationals mun ga farkonsa mun ga ƙarshensa.

Ku saurari Kawu ba zan ɓoye muku ba,
Strasburg a 2009 ba wanda bai so shi ba,
Harper a 2010, sa'a ba ta bar mu ba,
Lamba ɗaya sau biyu a jere muka zaɓa,
Gari bai taɓa ganin irin haka ba.

Harper ya tafi Philadelphia bai waiwayo ba,
Miliyan 330 ba abin rainawa ba,
A 2019 ɗin nan ba mu karaya ba,
Muka ci Houston wasa na bakwai, ba mu ji tsoro ba,
Strasburg ne gwarzo, ba a yi gardama ba.

Aka ba shi miliyan 245 ba a yi ƙasa ba,
Shekara bakwai, ba wanda bai yi murna ba,
Jijiya ta ƙi, kafaɗa ba ta yarda ba,
Wasa 8 kawai ya ƙara, bai wuce haka ba,
2024 ya ajiye, jiki bai bar shi ba.

Ɗan Zango ka tuna Brien Taylor ko ba ka ji ba?
1991 Yankees, lamba ɗaya ba biyu ba,
Kafaɗa ta goce a wani faɗa, ba a fili ba,
Babban lig ko sau ɗaya bai taka ba,
Piazza ko sai zagaye na 62 na diraf, bai hana shi ɗaukaka ba.

Don haka Baban Yara ba 2029, ƙarshen shekara shidan, ce damuwa ba,
Hannun da ke jifan mil 100 ba ƙarfe ba,
Ana shan inuwa ne tun rana ba ta juya ba,
In ba a kawo masa masu bugu bana ba,
Shekarunsa na ƙarfi za su tafi ba a mora ba.

Mu ma a diraf ɗin Skenes mun ɗau abokinsa Dylan Crews lamba biyu, makaranta ɗaya suka fito, har yanzu yana neman ƙafarsa a babban lig kuma ban cire rai da shi ba sam.

Ɗan Zango, Bronx:

Kawu Allah ya ƙara girma, na Taylor kam gaskiya ne, tsofaffin magoya baya a nan ba sa son a tuna.

Kawu ka faɗa, ban da abin ƙari,
Cole ɗin ma bana gwiwar hannu ta sa shi a ɗauri,
An yi masa tiyata, bai jefa ko ɗaya ba tun fari.

Baban Yara, Pittsburgh:

Kawu ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Amma bari in faɗa muku abin da ke sa ni tsallaka gadar Clemente mai ruwan ɗorawa in shiga filinmu PNC Park duk da haka, akwai wani yaro a ƙananan lig da kowa ke magana.

Konnor Griffin sunan da ake kira,
Lamba 9 a 2024, daga sakandare ya fara,
Ɗan Mississippi, bana ya hau matakai uku a shekara,
Ga gudu ga bugu ga iya tarewa.

McCutchen ya tafi 2018 muna kuka,
2023 ya dawo, fili ya miƙe duka,
Nan Gift Ngoepe ya fara a 2017, ɗan Afirka,
Na farko daga nahiyarmu da ya kai ga shigowa.

Anti Kulu, Baltimo:

Griffin ɗin nan na ga bidiyonsa, yaro ne mai kyau tubarkalla, amma ku bi a hankali don Allah kar ku ɗora masa gari gaba ɗaya.

Holliday ma haka aka yi ta yabonsa a wajenmu,
Afrilun 2024 ya hau, bugu 2 cikin 34 muka samu,
Aka mai da shi ƙaramin lig a Norfolk yana ɗan shekara 20 a idonmu,
Sai da ya sake gogewa sannan ya dawo cikinmu.

Baban Yara, Pittsburgh:

Na karɓa Anti, ba Griffin zan ɗora wa ba, masu ofis zan ɗora wa, kasuwar 'yan wasa a buɗe take yanzu kuma Fabrairu za a koma atisaye a Bradenton.

Masu kulob ga saƙo a fili,
Masu bugu biyu muke so, gogaggu na asali,
Ku kai wa Skenes doguwar takarda tun yana da hali,
Ku sa adadin da zai zauna ya yi dubawa.

In ya ƙi, mun san kun yi naku,
In ba ku kai ba, laifin yana kanku,
Maki uku ko huɗu a wasa muke roƙonku,
Sauran aikin shi zai iya gamawa.